Tsofaffin motoci masu turbo: Sauƙin saye, wuyar gyara

Wani sauyi da kamfanonin ƙera motoci na Turai da Amurka suka yi shekaru fiye da goma da suka wuce ya fara isowa garejin kanikawa a Najeriya da maƙwabtanta.

Sauyin kuwa shi ne na komawa ga ƙananan injuna masu ɗauke da na'urar ƙara ƙarfi da ake kira turbo, a maimakon manyan injunan da aka saba da su.

Motocin da aka ƙera a farkon wannan sauyi sun tsufa a hannun masu su na farko, kuma yawansu na ƙaruwa a cikin jiragen ruwan da ke sauke motocin gwanjo a tashoshin Legas da Kwatano da Lome.

Ga mai saye, irin wannan mota tana da jan hankali. Ga gudu, ga kuma alkawarin rashin shan mai, a daidai lokacin da farashin fetur ya ninka sau da dama tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023.

To sai dai kuma shekarun da motar ke isowa Afirka su ne shekarun da manyan matsalolinta ke soma bayyana, kuma kuɗin gyaranta da dala ake lissafa shi.

Daga ina sauyin ya taso?

Ita kanta fasahar turbo tsohuwa ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar ta a shekarar 1905, kuma an fara sanya ta a ƙananan motoci a Amurka a 1962.

Direbobin tirela da tankokin mai a arewacin Najeriya sun daɗe da saninta, domin manyan motoci masu amfani da man gas sun shafe shekaru aru-aru suna aiki da ita.

Abin da ya shigo da ita cikin ƙananan motoci masu amfani da fetur shi ne dokokin kare muhalli.

A shekarar 2009 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage gurɓataccen hayaƙin da sabbin motocinsu ke fitarwa zuwa giram 130 a kowace kilomita kafin 2015, sannan zuwa giram 95 a farkon shekarun 2020. Amurka ma ta tsaurara nata ƙa'idojin game da shan mai.

Hanya mafi sauƙi da kamfanonin suka gani ita ce su rage girman inji, su ɗora masa turbo domin ya cike gurbin ƙarfin da ya rasa.

Ta haka ne kamfanin Volkswagen ya fito da injin TSI mai lita 1.4, Ford ya fito da EcoBoost mai lita 1.0, Peugeot kuma ya fito da PureTech mai lita 1.2.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna cewa a 2008 motoci masu turbo ba su kai kashi 5 cikin 100 na sabbin motocin ƙasar ba, amma zuwa 2020 sun kai kimanin kashi ɗaya bisa uku.

Hatta kamfanonin Japan da 'yan Najeriya suka fi amincewa da su sun bi sahu. Honda ya sanya turbo a Civic ta 2016 da CR-V ta 2017, sannan a Accord ta 2018 ya jingine injin nan mai silinda shida. Toyota ma ya yi haka a Highlander ta 2023.

Kasuwar da ba ta da zaɓi

Wannan batu ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, saboda akasarin motocin da ke kan titunanta na hannu ne.

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a watan Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su.

Wani binciken da hukumomin ƙasar Holan suka gudanar a tashoshin jiragen ruwansu ya gano cewa mafi yawan motocin da ke jiran a yi jigilar su zuwa Afirka sun yi shekaru 16 zuwa 20 a kan hanya.

Ma'anar wannan ita ce, abin da aka ƙera a Turai da Amurka jiya, shi za a sayar a Kano da Kaduna da Maraɗi gobe.

Tsofaffin Golf da Sharan da Peugeot 406 da ke jigilar fasinjoji a arewa, da Camry da Corolla da ma'aikata ke hawa, sun yi farin jini ne saboda injinsu ba shi da sarƙaƙiya, kowane bakanike ya san ciki da bai ɗinsa, kuma kayan gyaransa na nan birjik a Ƙofar Ruwa da Fanteka da Ladipo.

Irin waɗannan motoci suna ƙarewa a inda ake kwaso su. Waɗanda ke maye gurbinsu kuwa halinsu daban ne.

Yadda na'urar ke aiki

Turbo wasu ƙananan fankoki biyu ne da ke haɗe a jikin ƙarfe ɗaya.

Hayaƙin da ke fita daga inji zuwa salansa shi ke juya fanka ta farko, ita kuma ta juya ta biyun, wadda ke ɗura iska da ƙarfi cikin inji. Yawan iska na ba da damar ƙona ƙarin mai, ƙarin mai kuma ya ba da ƙarin ƙarfi.

Wannan ƙarfe yakan juya fiye da sau 150,000 a cikin minti guda, kuma zafin hayaƙin da ke bugun sa a injin fetur yakan doshi digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyos.

Abin da kawai ke hana shi gogayya da mazauninsa shi ne ɗan siririn baƙin man da ke zagaye shi, wanda ke zuwa ta wani ƙaramin bututu daga inji.

Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera na'urar suka sha bayyana cewa akasarin lalacewarta daga baƙin mai take tasowa: ko ya yi ƙaranci, ko ya yi datti, ko kuma bai dace da injin ba.

Matsalolin da aka fi gani

Alamun turbo da ya soma gajiya sanannu ne a wajen kanikawa. Mota takan fitar da shuɗin hayaƙi, ta riƙa shan baƙin mai, ta yi wata ƙara mai kama da jiniya idan aka taka totur, ko kuma ta rasa ƙarfi a kan tudu.

Wani lokaci laifin ba na fankokin ba ne. Akwai wata 'yar ƙofa da ke rage matsin hayaƙi idan ya yi yawa, wadda takan saki ko ta cije. Akwai kuma bututun roba da ke kai iska, waɗanda zafi da shekaru ke busarwa har su tsage.

Sau da yawa akan sauya turbo sukutum alhali bututu ne kawai ya huje, saboda ba a yi binciken da ya kamata ba.

Matsala ta biyu ita ce ta hanyar shigar mai. Akasarin waɗannan injuna suna fesa fetur ne kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsananin ƙarfi.

A tsohon tsari fetur yakan bi ta kan bawul ya wanke shi a kullum. A sabon tsarin ba ya bi ta nan, don haka baƙin gawayi yakan taru a kan bawul har ya toshe hanyar iska, mota ta riƙa kakkarwa.

Famfon da ke samar da wannan matsi shi ma yana cikin abubuwan da ke saurin mutuwa. A watan Oktoban 2010 kamfanin BMW ya yi kiran a dawo da motoci kimanin 130,000 a Amurka saboda matsalar wannan famfo.

Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce ta sarƙa ko bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul. Idan ta tsallake ko ta tsinke, fistin yakan yi karo da bawul, kuma nan take inji ya buga.

A shekarar 2018 Volkswagen ya amince da sulhu a wata ƙarar haɗin gwiwa da masu motoci suka shigar a Amurka game da sarƙar wasu injunansa masu turbo, inda ya tsawaita garantinta zuwa shekaru 10 ko tafiyar mil 100,000.

Shi kuwa injin PureTech mai lita 1.2, bel ɗinsa a cikin baƙin mai yake juyawa. Idan ya soma rududdugewa, ɓarɓashinsa yakan toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, ya hana mai isa ga turbo da sauran sassan inji.

Bayan ƙorafe-ƙorafe masu yawa a Faransa da wasu ƙasashen Turai, kamfanin Stellantis mai mallakar Peugeot ya tsawaita garantin zuwa shekaru 10 a shekarar 2024.

Ta huɗu ita ce ta ruwan sanyaya inji. A watan Oktoban 2018 Ford ya amince ya biya masu motoci a Birtaniya waɗanda injinsu na EcoBoost mai lita 1.0 ya ƙone, bayan da aka gano cewa wani bututun ruwa yana fashewa a wasu motocin da aka ƙera tsakanin 2011 da 2013.

Abin lura a duk waɗannan misalai shi ne, rangwamen da kamfanonin suka yi ya tsaya ne a ƙasashen da aka fara sayar da motocin, yana da wa'adi, kuma galibi sai an nuna takardun da ke tabbatar da cewa an riƙa yi wa motar juye a kan kari.

Kafin motar ta iso hannun wani malamin makaranta a Zariya ko ɗan kasuwa a Damagaram, wa'adin ya cika, takardun kuma babu su. Duk abin da ya lalace, daga aljihunsa za a gyara.

Nawa gyaran ke ci?

A Amurka, inda Najeriya ke sayo kaso mafi tsoka na motocinta na hannu, sauya turbo a ƙaramar mota yakan ci daga kimanin dala 1,500 zuwa 3,000, har ma fiye a manyan motocin alfarma. Sauya sarƙar inji yakan haura dala 1,000, kankare gawayin bawul kuma ɗaruruwan daloli.

Wannan tsada ce ma ke sa mai mota a can ya gwammace ya rabu da ita da zarar ta soma nuna alamu. Wani kaso na motocin da ke zuwa Afirka an sayar da su ne domin a guje wa gyaran da ke tafe.

A Najeriya ladan bakanike bai kai na Amurka ba ko kusa, amma kayan gyaran daga waje ake shigo da su.

Kafin watan Yunin 2023 dala guda tana kimanin naira 460 a farashin hukuma. A cikin 2024 ta haura naira 1,500.

Kayan gyara na dala 1,000 da za a iya samu a kan naira 460,000 a da, ya koma naira miliyan ɗaya da rabi a 2024, tun kafin a ɗora kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa.

Idan aka kwatanta da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, wannan kuɗi ya haura albashin watanni 21.

Saboda haka mai mota yana da zaɓi uku ne, kuma kowanne da nasa cikas.

Na farko shi ne ya sayi sabon turbo na asali, wanda kaɗan ne ke da halin yin hakan.

Na biyu, ya sayi wanda aka kwance daga wata motar, wato ɗan Beljiyam, wanda babu wanda ya san tsawon tafiyar da ya yi, ko kuma dalilin da ya sa aka yar da motar da aka ciro shi.

Na uku shi ne a sauya masa kayan ciki kawai, galibi ƙirar China. Wannan ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ƙarfen da ke irin wannan juyi yana buƙatar a daidaita shi da na'ura ta musamman, kuma 'yar karkata kaɗan ta isa ta kashe shi cikin makonni.

Akwai kuma asarar da ke biyo bayan gyaran da ba a kammala ba. Idan aka ɗaura sabon turbo ba tare da an wanke ko an sauya bututun da ke kai masa mai ba, abin da ya kashe na farko shi zai kashe na biyu.

Idan kuma fankar ta farfashe, gutsattsarinta kan shige cikin inji, a wayi gari gyaran ya koma na sayen inji gaba ɗaya.

Yanayin da ba a ƙera motar dominsa ba

Masu lura da harkar motoci na ganin cewa wasu ɗabi'u da tsofaffin injuna ke jurewa su ne ke saurin hallaka masu turbo.

An saba a garejinmu da zuba baƙin mai mai kauri, irin 20W-50, a kowace mota, bisa hujjar cewa ƙasar tana da zafi. Injin turbo kuwa an ƙera shi ne domin tsinkakken mai irin 5W-30 ko 0W-20, wanda ke isa ga sassan inji cikin daƙiƙu kaɗan bayan an tayar da mota.

Cibiyar da ke tsara ingancin man inji a Amurka, API, sai da ta fito da sabbin matakai a 2018 da 2020, musamman domin kare waɗannan ƙananan injuna daga wata irin fashewar mai da ke faruwa a silinda kafin lokaci, wadda ke iya fasa fistin.

Irin wannan mai yana da tsada, kuma jabu ya yi yawa a kasuwa, duk da samamen da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ke kaiwa lokaci zuwa lokaci.

Matatar mai ta Kaduna, wadda aka gina da sashen samar da sinadarin da ake haɗa baƙin mai da shi, ta shafe shekaru ba ta aiki, don haka shi ma farashinsa dala yake bi.

Sai kuma al'adar cire na'urar da ke daidaita zafin inji, da zuba ruwan famfo zalla a lagireto, wanda ke haddasa tsatsa. Injin da ke da zafin turbo ba ya yi wa irin wannan ganganci uzuri.

Ƙurar hunturu ma tana da nata ta'adin. Idan matacin iska ya huje ko aka sa na jabu, ƙasar da ke wucewa takan cinye fuka-fukan fankar sannu a hankali.

Ta fuskar fetur, yawancin motocin Turai masu turbo an tsara su ne domin mai daraja ta 95, alhali a gidajen mai na Najeriya iri ɗaya ake sayarwa, mai mota ba shi da zaɓi.

A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, lamarin da ya lalata motoci da dama, ya kuma jawo dogayen layuka a Legas da Abuja.

Hatta tanadin man da ake kwaɗaita wa mai saye yana da sharaɗi. Tun a 2013 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce gwaje-gwajenta sun nuna cewa da yawa daga cikin ƙananan injuna masu turbo ba su fi manyan tsimin mai ba a tuƙin yau da kullum.

Ƙaramin injin da aka labta wa fasinjoji da kaya, kamar yadda ake yi a hanyoyin arewa, kusan a kullum turbonsa na aiki, kuma a wannan hali shan mansa ƙaruwa yake yi.

Bugu da ƙari, a yayin da gwamnatin Najeriya ke ƙarfafa wa jama'a gwiwar mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG tun daga 2023, injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda ya fi wuyar juyawa, kuma kayan aikinsa sun fi tsada.

Ina mafita?

Duk da haka, ba za a ce mota mai turbo ba ta da ƙarko ba. Inda ake yi mata juye a kan lokaci da man da ya dace, na'urar takan yi tafiyar kilomita 200,000 ko fiye ba tare da an taɓa ta ba.

Shawarwarin da masana ke bayarwa ba su da wuyar bi: a rage tazarar da ke tsakanin juye da juye, a guji taka totur da ƙarfi kafin inji ya ɗumama, a kuma bar motar ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya, domin kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare.

Ga mai niyyar saye kuwa, kuɗin da zai biya a haɗa motar da kwamfuta a duba ta, a kuma tayar da ita da sanyin safiya a saurari ƙarar sarƙa, bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin inji.

Amma akwai abin da ya fi ƙarfin ɗaiɗaikun mutane.

A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen Ecowas sun amince da taƙaita shekarun motocin da za a shigo da su, da kuma rage sinadarin sulfa a cikin man da ake shigowa da shi daga farkon 2021. Aiwatar da ƙa'idojin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Matakan ma suna da fuska biyu. Duk lokacin da aka rage shekarun motar da za a shigo da ita, adadin masu turbo a cikinsu ƙaruwa yake yi, tun da sababbin ƙira sun fi ɗauke da na'urar.

Wannan ya mayar da hankali ga kanikawa, waɗanda akasarinsu sun koyi sana'a ne a hannun iyayen gidansu a zamanin kafireto da Peugeot 504 ƙirar Kaduna, lokacin da kunne da sifana suka isa a gano ciwon mota.

Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, NADDC, tana gudanar da shirye-shiryen horar da kanikawa, amma yawan garejin da ke faɗin ƙasar ya nuna cewa akwai jan aiki a gaba.

Kuma lokaci ba ya jira, domin kasuwannin da ke turo waɗannan motoci sun riga sun ƙara gaba. Camry ta 2025 da ake sayarwa a Amurka, alal misali, duk mai haɗa fetur da lantarki ce.

Nan da shekaru goma ita ma za ta sauka a Legas ko Kwatano, da tsohon batirinta da nata lissafin, ta tarar da garejin da har yanzu ke ƙoƙarin sabawa da turbo.